Abin da Dare Ya Koya Mini a Ɗakin Kwanan Ɗalibai

A shekarar 2018 aka ba ni riƙon ɗaya daga cikin gidajen kwanan ɗalibai a makarantar sakandaren maza da nake koyarwa a jihar Kano. Yara ɗari da 'yan kai ne a gidan, tun daga 'yan aji ɗaya da ba su gama sabawa da rabuwa da iyayensu mata ba, har zuwa 'yan aji shida waɗanda wasunsu sun fi ni tsawo. Ni ma makarantar kwana na yi, saboda haka na kama aikin da tunanin da yawancinmu muke da shi: siniya ya aiki jiniya ɗibar ruwa, ya ba shi wanki, wani lokacin ya ɗan taɓa lafiyarsa, ai haka muka taso, kuma ga shi mun zama mutane. Wannan tunanin ne ya fara cutar da yaran da aka ba ni amana, tun kafin hannun wani siniya ya kai jikinsu.

Wanda ya buɗe mini ido wani yaro ne ɗan aji ɗaya, shekarunsa ba su wuce 11 ba. Ni nake koya musu lissafi, kuma a makonnin farko shi ne mai saurin ɗaga hannu. Kafin tsakiyar zango sai ya koma bencin baya, yana gyangyaɗi tun darasin farko. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Sau biyu na yi masa faɗa a kan barci a aji, har na sa shi ya tsaya a tsaye. Ranar da na gane abin da ake ciki, na dawo daga masallaci ne bayan sallar asuba, na hango shi a bakin famfo da bokiti huɗu a jere, yana rawar sanyi, a tsakiyar hunturu. Na tambaye shi na wa ne. Ya ce nasa ne duka. Na riƙo hannunsa sai ya zabura, na ɗaga rigarsa na ga shatin bel a gadon bayansa, wani ya bushe, wani sabo.

Da ƙyar ya yi magana. Wani ɗan aji shida ya mayar da shi ɗan ɗakinsa. Tun ƙarfe huɗu yake tashi ɗibar ruwa. Garin kwaki da sukari da madarar da aka kawo masa ranar ziyara duk an ƙwace, naman da ke cikin kwanonsa ba nasa ba ne, kuma daren da ya yi kuskure sai a sa shi tsallen kwaɗo bayan an kashe fitila, ko ya kwana a ƙarƙashin gado. Da ya gama sai ya kama gefen rigata ya ce, "Malam, don Allah kada ka ce ni na faɗa."

Ban saurari wannan roƙo ba. Raina ya ɓaci, kuma a ganina adalci shi ne kowa ya gani. Washegari a wajen taron safe na sa aka fito da siniyan, aka karanta laifinsa, aka zane shi a gaban makaranta. Na koma gida ina jin na sauke nauyi. Bayan kwana uku aka kai yaron ɗakin shan magani da kumburarren ido. 'Yan ajin wancan ne suka taru a kansa cikin dare, sun rufe masa fuska da bargo don kada ya gane kowa. Daga ranar sunansa ya koma munafuki, har 'yan ajinsu suka daina zama kusa da shi don kada abin ya shafe su. Ƙarshen zango mahaifinsa ya zo ya kwashe kayansa. Bai yi mini faɗa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Malam, na kawo shi ya yi karatu ne, ban kawo shi ya koyi tsoro ba."

Na daɗe ina juya abin a raina. Bulalar da na sa aka yi ta koya wa sauran ƙananan darasi guda: wanda ya faɗa wa malami, wahalarsa ninkuwa take yi. Ni na yi hukunci da rana na tafi gidana, shi kuwa da su zai kwana. Tun daga nan na daina tambayar kaina yadda zan hukunta mai cin zali, na koma tambayar yadda yaro zai faɗa mini damuwarsa ya kuma kwana lafiya a daren.

Abu na farko da na yi bai buƙaci ko kwabo ba. Na ɗauki littafi na riƙa rubuta wuri da lokacin da duk wani abu ya faru. Cikin 'yan makonni sai ga shi a fili: bayan kashe fitila, bakin famfo kafin asuba, bayan banɗaki, layin karɓar abinci, da yammacin Asabar lokacin da malamai suka shiga gari. Duk inda babu idon babba, nan ne. Sai na fara zagaye ba tare da ƙayyade lokaci ba, yau sha ɗaya na dare, gobe ƙarfe uku, jibi ban zo ba sam. Muka sa ƙwan fitila mai aiki da hasken rana a bayan banɗaki da bakin famfo da kuɗin da ƙungiyar iyaye da malamai ta tara. Na nemi izinin shugaban makaranta muka ware wa 'yan aji ɗaya ɗakinsu daban, kusa da ƙofata, maimakon tsohon tsarin da ake cakuɗa su da manya wai don su koyi ladabi. Wasu abokan aikina sun ce na lalata tarbiyyar makarantar kwana. Har yau akwai masu wannan ra'ayin.

Sai batun yadda labari zai iso gare ni. Mun gwada akwatin ƙorafi, bai yi aiki ba, domin duk wanda aka gani kusa da shi an san abin da ya kai shi. Abin da ya yi aiki shi ne na mayar da ganawa da ni dole a kan kowa. Kowane daren Alhamis, duk ɗan aji ɗaya da aji biyu zai ba ni takarda a ninke, ko da abin da ya rubuta shi ne "lafiya lau". Tunda kowa ya bayar, ba a san wanda ya yi magana ba. Kuma idan na samu labari ba na tashi a ranar. Sai in bari kwana biyu, in je wurin da kaina a lokacin da aka ce abin yana faruwa, in kama da idona. Siniya zai ce Malam ne ya ritsa shi, ba zai nemi wanda ya kai ƙara ba.

Su kansu manyan sai da na sake yadda nake kallonsu. Da na zauna da su ɗaya bayan ɗaya, kusan kowanne yana da nasa tabon daga aji ɗaya, kuma shekara biyar ya yi yana jiran ranar da zai rama a kan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Wani ya ce mini, "Malam, mu da aka yi mana wa ya hana?" Ban da amsar da ta wuce in ce masa gaskiya ne, an zalunce shi, kuma mu malamai ne muka yi sakaci. Limamin makaranta ya taimaka ƙwarai. Ya yi ta maimaita musu hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ne azzalumi ko shi aka zalunta, kuma taimakon azzalumi shi ne ka hana shi zaluncin. Muka karɓe bulala da bel daga hannun shugabannin ɗalibai gaba ɗaya. Wanda ya ga laifi ya rubuta ya kawo. Wanda ya daki yaro kuwa a kira mahaifinsa, a sauke shi daga muƙami, in ya sake a mayar da shi gida. Na lura kiran uba ya fi bulala goma tsoratar da su.

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka kwatanta da abin da ya zo a 2022. A lokacin hankalin iyaye a tashe yake. A ƙarshen Nuwamban 2021 Sylvester Oromoni, ɗan shekara 12 da ke makarantar kwana a Legas, ya rasu, iyayensa suka ce dukan da 'yan'uwansa ɗalibai suka yi masa ne sanadi, aka yi ta shari'a da jayayya a kan haka. A Janairun 2022 kuma Kano ta girgiza da labarin Hanifa Abubakar, 'yar shekara 5, wadda mai makarantar da take zuwa, Abdulmalik Tanko, ya sace ya kashe, har kotu ta yanke masa hukuncin kisa a watan Yulin shekarar. Kowa ya ga cewa wanda aka damƙa wa yaro ma yana iya zama macucinsa.

Cikin takardun wata Alhamis na tarar da guda da aka rubuta layi ɗaya: wani ma'aikaci, ba malami ba, yana kiran wani yaro ɗakinsa da dare yana ba shi biskit da kuɗi. Mutum ne da ya shekara da shekaru a makarantar, ana ganin girmansa, ba ya rasa sahun farko. Wannan karon ban jira kwana biyu ba. Na kira yaron da sunan zai taya ni ɗaukar littattafai, muka zauna a baranda inda ana hango mu amma ba a jin mu. Ban tsare shi da tambayoyi ba, ban ce "me ya kai ka" ba. Na ce masa duk abin da ya faru ba laifinsa ba ne, kuma na yarda da shi. Ya yi shiru mai tsawo, sannan ya fashe da kuka. Abin da ya faɗa ba zan maimaita shi a nan ba. Na gaya masa gaskiya cewa wannan ba abin da zan iya riƙewa ni kaɗai ba ne, na lissafa masa mutanen da za su sani, kuma daren ya kwana a gidana tare da 'ya'yana.

A nan na ga ƙarfin kalmar rufin asiri. Manya suka taru, kowa da hujjarsa. Sunan makaranta zai ɓaci. Mutumin yana da iyali. Yaron ma za a riƙa nuna shi da baki. A sallame shi cikin mutunci kawai, ya nemi aiki wani wuri. Wani dattijo da nake jin kunyarsa ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, wanda ya rufa asirin wani Allah zai rufa nasa." Na ce, "Baba, wurin da zai koma ɗin ma akwai 'ya'yan mutane." Asirin da ya cancanci a rufa na yaron ne, shi ya sa har yau ɗalibai ba su san ko wane ne ba. Amma sallamar mutum irin wannan shiru, da takardar shaidar kyakkyawan hali a hannu, miƙa masa wasu yaran ne.

Mahaifin yaron ya tsaya tsayin daka, Allah ya saka masa. Tare muka kai shi cibiyar Waraka da ke Asibitin Murtala, inda ake duba waɗanda aka ci zarafinsu ta wannan hanya. A can na koyi abin da ya kamata kowane malami ya sani: maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake amfani, kuma shaidar likita tana raguwa da kowace ranar da aka ɓata ana zaman sulhu. Aka kai maganar ga 'yan sanda. Shari'ar ta ja lokaci, ta cinye wa uban kuɗi da haƙuri, ni kuma wasu sun daina amsa sallamata na tsawon watanni. Bayan mutumin ya bar makarantar, yara biyu suka zo da kansu suka ce su ma ya taɓa kiransu.

Daga baya na ci karo da alƙaluman binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2014 tare da UNICEF: yara 6 cikin 10 a Najeriya suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, mace 1 cikin 4 da namiji 1 cikin 10 ana cin zarafinsu ta hanyar lalata, kuma waɗanda suke samun taimako ba su kai 5 cikin 100 ba. Na kalli rajistar gidan kwanan da nake riƙo na yi lissafin namiji ɗaya cikin goma, jikina ya yi sanyi. Mun saba tsaron 'ya'ya mata, namiji kuwa mun ɗauka babu abin da zai same shi, mun kuma koya masa cewa kuka da kai ƙara na ragwaye ne. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya tun 2003 take, Kano ta sa hannu a tata a watan Mayun 2023. Na yi murna da hakan, sai dai doka ba ta zagaya ɗakin kwana da ƙarfe uku na dare. Mu muka rubuta namu ƙa'idoji a kan takarda guda: babu ma'aikacin da zai keɓe da ɗalibi a rufaffen ɗaki, babu aiken yaro gidan ma'aikaci bayan magariba, babu kyauta a ɓoye, kuma duk sabon ma'aikaci sai an tuntuɓi inda ya baro. Ƙa'idar ta hau kaina ni ma.

Iyaye kuma, ranar ziyara nakan roƙe su abu ɗaya. Kada ka tambayi ɗanka "lafiya dai ko?" a gaban jama'a, domin "lafiya lau" zai ce. Ja shi gefe, ka tambaye shi wa yake kwana kusa da shi, ƙarfe nawa yake tashi, wa yake cinye masa kayan shayi, wane wuri ne ba ya son bi a makarantar. Ka dubi bayansa. In yaron da ke ɗokin komawa makaranta ya fara ciwon ciki duk ranar komawa, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, kada ka fara da faɗa.

Cin zali bai ƙare a gidan kwanan da nake riƙo ba. A zangon da ya wuce ma na mayar da ɗan aji biyar gida saboda ya fasa wa yaro baki. Bambancin shi ne labarin ya iso ni a daren da abin ya faru, kuma ɗan aji shida ne ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, riƙe da hannun yaron. Wancan yaron na farko kuwa, mai bokiti huɗu, na nemi lambar mahaifinsa a tsohuwar rajista na kira shi bara. Ya ce yaron ya gama sakandare a makarantar jeka-ka-dawo. Na roƙi ya ba shi wayar, na nemi gafararsa a kan roƙon da ya yi mini ban ji ba. Ya ce, "Ba komai, Malam, ya wuce." Sai ya tambaye ni ko har yanzu 'yan aji ɗaya ne suke ɗibar ruwa da asuba. Na ce masa a'a, yanzu kowa bokitinsa yake ɗauka.