Fita da aiki daga ɗakin gida: abin da ake ɗauka da abin da ake bari

Sana'armu tsara lissafin kuɗi ce ga 'yan kasuwa da ƙananan kamfanoni, da shirya musu takardun neman kwangila. Mu uku ne, ofishin kuwa ɗaki guda ne a cikin gida a Kano: tebur biyu, firinta, da kabad ɗin fayil. Irin wannan ofis yana sauƙaƙa kuɗin haya da na mota, amma yana da ciwon da ba ya bayyana sai an kwana biyu. A wurin mutanenmu, duk wanda aka tarar a gida da hantsi ba shi da abin yi. Za a yi sallama dole a fito, baƙo kuma ba a ce masa ya dawo gobe. Ko da babu mai shigowa, wanda ya shekara yana kallon bango ɗaya kansa yana cushewa, har aikin awa biyu ya cinye wuni.

Shi ya sa muke fita da aiki kwana ɗaya ko biyu a mako. Amma fitar da ba a shirya mata ba asarar wuni ce da kuɗin adaidaita sahu.

Tun da dare ake zaɓar aikin, kuma guda ɗaya ake zaɓa. Wanda ya dace da fita shi ne mai buƙatar tunani a tsanake: rubuta takardar neman kwangila, fitar da farashin sabon aiki, tsara rahoton ƙarshen shekara, ko koyon wata manhaja. Wanda ke buƙatar tarin rasidai, ko firinta, ko babban allo don kwatanta shafi biyu na manhajar lissafi ta Excel, a gida ake barinsa. Rasidin abokin hulɗa ba ya fita daga ofis ko da guda ɗaya, domin in ya ɓace babu inda za a samo madadinsa. Duk fayil ɗin da za a buƙata a sauke shi cikin kwamfuta kafin a kwanta. Wanda ya dogara da Google Drive, ma'ajiyar fayil ta intanet, ya je ya tarar babu sabis, zaman banza zai yi.

Wuraren da ake zuwa iri uku ne, kowanne da halinsa. Cibiyoyin aikin haɗaka, inda ma'aikata daban-daban ke hayar wurin zama su yi aiki, irin su CoLab da aka buɗe a Kaduna a 2016 da makamantanta a Kano da Abuja, su ne mafi dacewa: ana biyan kuɗin wuni ko na wata, akwai wuta, intanet, da kujerar da aka yi don dogon zama. Illarsu hira ce, domin za ka haɗu da sanayya. Ɗakin karatu, kamar na Murtala Muhammed a Kano ko na jami'a ga mai izinin shiga, ya fi ko'ina shiru, sai dai ba a amsa waya a ciki, kuma kada a ɗauka za a sami soket kusa da kowane tebur. Zauren otal ko gidan abinci yana da sanyi da wuta, amma teburinsa na cin abinci ne, kujerun falo kuma sun yi ƙasa, bayan awa biyu wuya da baya za su fara magana. A irin nan ladabi shi ne a sayi wani abu, a kuma tashi kafin cunkoson abincin rana.

Wuta ce ke yanke hukunci. Batirin kwamfutar tafi-da-gidanka ta ofis yakan riƙe awa uku zuwa huɗu idan yana da lafiya, wanda ya tsufa kuwa da ƙyar ya kai rabin haka. A fita da shi cike. Fawa bank mai 20,000mAh yana iya cika irin wannan batir kusan sau ɗaya, amma da sharaɗi: sai ya kasance mai bakin USB-C da ke fitar da wat 45 zuwa 65, kwamfutar kuma tana karɓar caji ta wannan baki. Na waya na yau da kullum bolt 5 yake bayarwa, ita kuwa kwamfuta kusan 20 take nema, don haka ko an jona ba za ta ɗauka ba. Mutane da yawa sun sayi babban fawa bank sun yi zaton jabu ne, alhali ba irinsa aikin ke so ba. A riƙa tafiya da doguwar wayar soket ta mita uku mai kariya daga hawan wuta. Idan an ga za a juya daga wutar KEDCO, kamfanin raba wutar lantarki na Kano, zuwa janareto, a zare caja sai injin ya daidaita, domin a daidai lokacin juyin ne caja ke ƙonewa.

Zafi ma yana da nasa. Daga Maris zuwa Mayu Kano takan haura digiri 40, yawancin kwamfutoci kuwa an ƙera su ne su yi aiki a wurin da bai wuce 35 ba. Zama a gindin bishiya yana da daɗin iska da safe, amma da rana ta take fankar cikin kwamfuta za ta fara ƙugi, na'urar ta rage gudu da kanta. Kada a ɗora ta a kan cinya ko darduma, ƙofofin iskarta a ƙasa suke. Da hunturu kuma ƙura ce ke toshe su.

Intanet ɗin wuri ba a yarda da shi sai an gwada. Da zama, a duba gudunsa a Speedtest, shafin auna gudun intanet. Gudun megabit 5 a daƙiƙa ya isa imel da kiran murya. Mai aika manyan fayiloli ya dubi gudun aikawa, ba na saukewa kaɗai ba. Mu layi biyu muke riƙewa daga kamfanoni daban-daban, misali MTN da Airtel, saboda unguwar da ɗaya ke da ƙarfi ɗayan kan yi rauni. Idan za a jona kwamfuta da datar waya, a saita haɗin a Windows a matsayin mai iyakar data, in ba haka ba sabuntawar manhaja za ta shanye gigabait biyu ko uku kafin a ankara. Taron bidiyo na awa ɗaya shi kaɗai yana iya cin kusan gigabait guda.

Abin da ya fi damuna shi ne amana. A cikin kwamfutar mai lissafi akwai takardun banki, lambobin BVN da NIN, da albashin mutanen da ba su san an fita da bayanansu ba. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora nauyin kiyaye su a kan wanda ya riƙe su, kuma ko babu doka, sirrin ɗan kasuwa jarinsa ne. Saboda haka ana zama ne da baya a jingine da bango. Ba a shiga asusun banki ta intanet ɗin jama'a, sai ta datar waya. Ba a ambaton sunan abokin hulɗa ko adadin kuɗinsa a waya a gaban mutane. In kiran ya zama dole, a fita waje. Ko ruwa za a ɗauko a kulle allo, maɓallin Windows da harafin L ne kawai. Lokacin sallar azahar kwamfuta ta koma jaka, jaka ta bi mai ita har masallaci. A hanya kuma kada a fito da ita ko waya a cikin adaidaita, jakar ma gara wadda ba ta nuna abin da ke ciki ba.

Awa huɗu sun isa. Isowa ƙarfe 8:30, a kashe WhatsApp, a yi aiki zuwa 12:30. Bayan azahar ƙarfin da sabon wuri ya bayar ya riga ya tafi, batir ma haka. A sanar da mutanen gida da sauran ma'aikata lokacin dawowa, kada aikin da ke buƙatar sa hannu ya tsaya. Da an dawo, kafin a ci abinci, a kwafe abin da aka yi zuwa babbar ma'ajiyar ofis da kwanan wata a sunan fayil ɗin. Kuskuren da ya fi yawa a wannan tsari shi ne kwafi biyu na takarda ɗaya, na gida da na waje, a wayi gari an aika wa abokin hulɗa tsohon.