Parke a Yamai: ɗakin da ya dace da shi da wanda bai dace ba

Da muka ƙare ginin gidanmu a Yamai, kowa karo, wato tayil na daɓe, yake ce mini in sa ko'ina. Ni kuwa damuwata Inna ce. Da hunturu karo yakan ɗauki sanyi da asuba, ga santsi, ita kuma gwiwoyi sun fara damunta. Shi ya sa na shiga neman parke, irin falankin nan da ake harhaɗawa a ƙasa ba ƙusa ba gam.

A kasuwar Katako wani mai shago ya miƙo mini guntu, ya ce, "Alhaji, bar kallon launi, dubi cikinsa." Cikin nasa garin katako ne da aka matse da ƙarfi, ana ce masa HDF. Bisansa takarda ce mai hoton itace, sai wata fata mai tauri da ke kare ta. Ƙarfin wannan fata shi ake rubutawa jikin kwali: AC3, AC4, AC5. Kauri daban ne, akwai milimita 7, 8, 10 da 12, kuma falanki mai kauri yana iya zuwa da fata mai rauni. Na ɗauki AC4 mai milimita 8, domin a garinmu yashi ke shigowa da takalmi, shi ne kuma ke cinye fuskar daɓe.

Kafin in biya na roƙi guntun nan na tafi da shi gida, na tsoma bakinsa cikin kofin ruwa ya kwana. Da safe bakin ya kumbura, fatar ta ɗaga, da ya bushe ma bai koma yadda yake ba. Nan muka yanke shawara da uwargida: ɗakunan kwana kawai. Madafa, ban-ɗaki da falon da yara ke cin abinci a ƙasa, karo muka sa musu.

Wurin shimfiɗa ne aikin yake. Kwalayen sun yi awa 48 kwance cikin ɗakin kafin a buɗe su. Kafintan ya bi simintin da dogon ƙarfe miƙaƙƙe, duk inda ya ga kwari ya sa magini ya cike, aka jira ya bushe sarai. Sannan leda don tare damshi, soso siriri a kanta, sai falankin. Ya bar tazarar milimita 8 zuwa 10 a gindin kowane bango, ya rufe da siririn katako. Kada ka yarda a tsallake wannan. Mu da rani muka shimfiɗa, iska a bushe ƙamas, falankin a tsuke. Idan Agusta ta zo da damshinta zai buɗa, in bai sami wuri ba sai ya yi tozo a tsakiyar ɗaki. Na sayi ƙarin kashi 10 cikin 100 saboda yanka, ragowar na ajiye don gyara, tunda ba lalle ka sake samun launin ba.

Shara ce ta canza mana hali. Mun saba a kwara bokiti a bi da tsintsiya, nan kuwa sai tsintsiya mai laushi da tsumma matsattse. Buta ba ta shiga ɗakin, takalmi a bakin ƙofa yake tsayawa. Da haka damina ta wuce ba falanki ko ɗaya da ya tashi, Inna kuma tana taka ƙasa da asuba ba ta neman silifa.

Wanda gidansa ke da gara, a fara sa magani tukuna. Wanda kuwa yake zaune a kwari kusa da kogi, inda ruwa ya shiga gidaje a ambaliyar 2020, ban ba shi shawarar parke ba ko a ɗakin kwana.