Noti 24 da aka kwance ba a faɗa wa kowa ba

Duk injiniyan da ke sha'awar aikin tauraron ɗan'adam a nan Abuja, ko a hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa (NASRDA) da ke Lugbe yake ko a jami'a, ya kamata ya san abin da ya faru a masana'antar Lockheed Martin da ke Sunnyvale, jihar Kalifoniya a Amurka, ranar 6 ga Satumba, 2003.

A ranar ne ma'aikata suka ɗora tauraron hasashen yanayi mai suna NOAA-N Prime a kan keken da ake juya shi, da nufin kwantar da shi domin su yi aiki a jikin wata na'urarsa. Ba su yi nisa da karkata shi ba sai ya zame ya faɗi a kan daɓen siminti. Bincike ya nuna cewa ma'aikatan wani aikin daban sun kwance noti 24 da ke riƙe da farantin da ake ɗaura tauraron a kai a jikin keken, tun keken yana ajiye, kuma ba su sanar da masu wannan tauraron ba. Shi kuwa injiniyan da ke jagorantar aikin, takardar da ta nuna yadda aka bar keken a baya ya dogara da ita, bai sunkuya ya duba da idonsa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, akwai wanda ya lura da ramukan noti a buɗe, har ya yi magana, amma aka share zancen. Gyaran ya lashe dala miliyan 135, kuma sai a 2009 aka harba tauraron.

Irin wannan ɓarakar tana cikin abin da ya jawo fashewar tankin iskar oksijin na kumbon Apollo 13 a 1970: an sauya ƙa'ida ta yadda tankin zai karɓi wuta volt 65 daga kayan gwaji na ƙasa, amma makunnin kare shi daga zafi ya ci gaba da zama na volt 28.

Mu a nan, injiniyoyinmu sun haɗa tauraron NigeriaSat-X a kamfanin SSTL da ke Ingila, aka harba shi a 2011, kuma burinmu shi ne a riƙa haɗawa da gwadawa a gida. Sayen teburin gwada juriyar tauraro ga girgiza da ɗakin gwajin zafi da sanyi abu ne na kuɗi, amma ɗabi'ar sanar da canji sai an gina ta tun daga ƙananan gwaje-gwaje. Wanda ya cire waya, ko ya ari noti, ko ya sauya manhaja, ya rataya jan kati a jikin kayan nan take, ya rubuta a littafin aiki da sunansa da lokaci, sannan ya faɗa da baki wajen miƙa aiki ga masu karɓarsa. Mai karɓa kuma ya taɓa kayan da hannunsa kafin ya sa hannu a takarda.

Wurin da nake ganin za mu fi shan wuya shi ne kunya da girmama na gaba. Ƙaramin ma'aikaci zai ga abu ba daidai ba, ya ce "Ranka ya daɗe, kamar akwai matsala," da zarar an ce masa "ba komai" sai ya ja bakinsa. Saboda haka wajibi ne a rubuta a dokar ɗakin gwaji cewa kowa, har ɗalibin da ya zo koyon aiki, yana da ikon tsayar da gwaji har sai an duba abin da ya gani.