Ranar da rautar shagonmu ta manta hanyar intanet

A shagon kwamfuta da nake kula da shi, inda ɗalibai ke zuwa cike fom da buga takardu, mun wayi gari wata Litinin kwamfutoci duka suna nuna cewa a haɗe suke, amma ko shafi ɗaya ya ƙi buɗewa. Da na bincika, yaron shagon ya ce mini, “Oga, jiya da daddare bayan an dawo da wuta na ga sabis yana jan ƙafa, shi ne na sa tsinken ashana na danne ɗan maɓallin da ke cikin rami a bayan rauta.” Da kyakkyawar niyya ya yi, sai dai wannan maɓalli yana mayar da rauta, wato na'urar da ke raba intanet ga kwamfutoci da wayoyi, yadda ta fito daga masana'anta, ya share duk saitin da aka yi mata.

Abin da ya ruɗe shi, wanda kuma na ga yana ruɗar mutane da yawa, shi ne rauta fuska biyu gare ta. Ɗaya tana kallon cikin gida, tana raba wa wayoyi da kwamfutoci adireshi, ita ake kira LAN. Ɗayar tana kallon kamfanin da ke sayar maka da intanet, ita ce WAN, kuma galibi ramin kebul ɗinta launinsa daban ne. Cikar alamar Wi-Fi a waya shaida ce kawai cewa wayar ta isa rauta, ba ta nuna cewa rautar ta isa duniya ba.

Na juya na'urar na karanta takardar da ke manne a ƙasanta, inda aka rubuta adireshin shiga, 192.168.0.1, tare da suna da kalmar sirri na asali. Wasu rautocin 192.168.1.1 suke amfani da shi, yawancin na Huawei masu ɗaukar layin waya kuwa 192.168.8.1 ne. Na rubuta lambar a burauza, na shiga sashen WAN, kuma a nan ne ainihin maganar take, domin rauta tana tambayarka ta wace hanya za ta karɓi intanet. Idan kamfani yana ba da adireshi da kansa ta hanyar DHCP, babu abin da za ka cika. Idan adireshi tsayayye ya ba ka, dole ka shigar da shi da hannu, tare da lambar rabon zango irin 255.255.255.0, da adireshin mashigarsa, da na DNS, wanda ke fassara sunayen shafuka zuwa adireshi. Hanya ta uku ita ce PPPoE, wadda ke neman suna da kalmar sirri da kamfanin ya ware wa layinka kaɗai. Masu rauta mai layin waya kuma APN, wato sunan mashigar intanet ta kamfanin layin, shi ne abin dubawarsu, misali na MTN a Najeriya shi ne web.gprs.mtnnigeria.net.

Namu layin PPPoE ne, rautar kuwa ta koma DHCP tana jiran adireshin da ba mai ba ta. Mai haɗa mana layin tun farko bai bar mana bayanan a rubuce ba, ni ma ban tambaya ba, kuma wannan sakacin nawa ne. Sai da muka shafe kusan awa uku, ɗalibai na zaune a benci suna jira, kafin kamfanin ya turo mana su ta saƙon waya. Na shigar, abin ya ƙi. Na sake dubawa a tsanake, ashe harafi ɗaya babba na rubuta shi ƙarami. Ina gyarawa fitilar intanet ta koma kore, adireshi ya bayyana a gurbin da dā sifiri huɗu ne a jere.

Tunda na riga na shiga, na duba MTU, wato iyakar girman kowane ƙunshin bayanai da ke bi ta layin, na tabbatar yana kan 1492, domin PPPoE yana cin bayit 8 daga cikin 1500 da aka saba, kuma idan lambar ta wuce haka wasu shafuka sukan tsaya a rabi. A gurbin DNS na sa 8.8.8.8 na Google da 1.1.1.1 na Cloudflare, saboda na sha ganin layi lafiya lau amma sunayen shafuka sun ƙi fassaruwa zuwa adireshi.

Kalmar sirrin shiga rautar ita ce ta fi damuna, don a ganina barinta kan ta asali daidai yake da barin makulli a jikin ƙofar shago. Duk wanda ya hau Wi-Fi ɗinka zai iya shiga ya sauya abin da ya ga dama. Na canza ta, na mayar da sunan Wi-Fi da muka saba, na kulle shi da tsarin tsaro na WPA2. Daga nan na ajiye kwafin saitin gaba ɗaya a filashi, na rubuta bayanan PPPoE a bangon littafin lissafin shago, sannan na zaunar da yaron na nuna masa cewa idan sabis ya yi nauyi, ya zare wutar rautar na rabin minti ya mayar, ramin nan kuwa na liƙe shi da salatif.