Yadda na rataya waya a saman teburin zanena

Duk wanda ya koyi zanen riga a gaban wani ya san wannan wahalar. Malami na zaune da yadi a cinyarsa, kai kana fuskantarsa, to duk layin da ya ja a juye kake ganinsa. In ka koma gefe, kafaɗarsa da hannun rigarsa su tare maka. Wayar da aka rataya a sama tana kallon ƙasa ita ke raba wannan gardama: mai koyo zai ga takarda daga inda mai zanen yake ganinta, dama tana dama, hagu tana hagu, ya ga inda alƙalami ya sauka da inda ya ɗaga. Dalilin da ya sa nake ɗaukar bidiyon zanena ke nan, kuma shi ya sa nake ganin kafa wayar ba aikin ganin dama ba ne.

Magana ta farko, wadda in aka kiyaye ta an yi rabin aikin: kada abin da ke riƙe da wayar ya taɓa teburin da kake zane a kai. Akwai maƙalin nan mai dogon wuya da ake lanƙwasawa, wanda masu kayan waya ke sayarwa ko'ina a gari, ana matse gindinsa a bakin tebur. Don kallon fim a kwance ba shi da laifi. Amma ka sa kilina ka goge layi ɗaya, tebur zai motsa, wuyan ya ɗauki rawar, wayar ta yi ta karkarwa har bayan ka ɗauke hannu. Mai kallo ba zai jima ba kansa zai fara juyawa. Shi kuwa mazaunin kyamara mai ƙafa uku, in ka sunkuyar da kansa ƙasa ƙafafunsa ne za su shigo cikin hoton, in ka miƙa masa hannu gaba ya rinjaya ya faɗo kan aikinka.

Ni wajen mai walda na je, nan wajajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, da zanen abin da nake so a takarda. Ya juya takardar ya ce, "Malam, wanga abu mi za a rataya mai? Fitila?" Na ce masa waya ce, Oga. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ɗauki birona ya ƙara wani layi a karkace daga bango zuwa tsakiyar hannun ƙarfen da zai riƙe wayar, ya ce ko wayar ba ta da nauyi, ƙarfen da ya fito haka ba tokari sai ya riƙa lilo. Gaskiyarsa ce, kuma wannan tokarin nasa shi ne lafiyar abin har yau.

Ga yadda yake. Faranti na ƙarfe mai huda huɗu a ɗaure jikin bango. Daga jikinsa faif mai kusurwa huɗu ya miƙo kamar santimita 70, daidai tsakiyar tebur. A ƙarshensa wani gajeren faif ya sauko ƙasa, a cikinsa akwai siriri da ke zamewa sama da ƙasa, da noti mai kunne da nake matsewa da hannu in na sami tsayin da nake so. A can bakin siririn aka liƙa kusa mai zare, wadda maƙalin waya ke ɗauruwa a kai. A kula da wannan kusar. Kyamarori da maƙalan waya kusan duka awo ɗaya suke amfani da shi, rubu'in inci mai zare 20 a kowane inci. Akwai wata mai lamba 6 da ta fi yawa a shagunan kayan gini, a ido kamar ɗaya suke, za ta shiga zagaye ɗaya ko biyu sannan ta cije, in ka matsa mata ta cinye zaren maƙalin. Ka tafi da maƙalinka kasuwa ka gwada a gaban mai shago kafin a kunna injin walda.

Wanda yake gidan haya ba halin huda bango, kafinta zai haɗa masa katako biyu a tsaye da ɗaya a gicciye, ƙafafun su tsaya a ƙasa, tebur ya shiga tsakaninsu ba tare da sun haɗu ba. Mai ɗakin ƙasa kuma yana da azara, sai dai da sanda za a sauko daga jikinta, ban da igiya.

Sai daidaita wayar. In ta ɗan karkata ko kaɗan, tambarin da ka zagaye da kyau zai fito a bidiyo kamar ƙwai, mai koyo kuwa abin da ya gani shi zai kwaikwaya. Dabarar da nake yi ba ta cin ko sisi. Ina ɗora ƙaramin madubi a kwance a tsakiyar takardar, in kunna layukan nan da ke raba fuskar kyamara gida tara, in yi ta gyara maƙalin a hankali har idon kyamarar ya ga kansa a cikin madubin, daidai tsakiyar gidan tsakiya. Da zarar ya zauna a nan, waya da takarda sun fuskanci juna sak. Sai in matse noti in ɗauke madubi. Kada a yi amfani da idon nan mai faɗi na 0.5, yana lanƙwasa gefen takarda kuma yana kumbura hannu. Takardar A4, mai santimita 21 da 29.7, tana shiga da idon waya na ainihi daga tsayin santimita 45 zuwa 50. In wayarka na da ido na biyu mai jawo abu ninki biyu, ka ɗaga ta sama sosai ka yi aiki da shi. Layuka sun fi miƙewa, kuma ka sami sararin sunkuyawa.

Sunkuyawar nan ma abin lura ce. Mai zane in aiki ya yi daɗi kansa gaba yake yi bai sani ba, sai ka buɗe bidiyo ka tarar da minti goma na saman hula. Na manna salatif a tebur a kusurwa huɗun da kyamara ke gani, na kuma ja wani layin kusa da ƙirjina wanda haɓata ba ta ƙetarewa. Teburin na shimfiɗa masa yadi mai ruwan toka marar sheƙi.

Haske shi ya fi cin lokacina. Rana ba ta yi mana rowa a Katsina ba, amma in ta faɗo kan takarda kai tsaye farin zai ƙone, inuwar hannu ta yi baƙi ƙirin. Taga nake bi, na rataya mata farin yadi marar kauri, na juya tebur yadda hasken zai zo ta hagu tunda da dama nake zane. Bahago sai ya juya akasin haka, don kada inuwar hannunsa ta rufe bakin fensirin, wurin da kowa ya zo kallo. Da dare fitila biyu nake sawa, hagu da dama, kowace a karkace kamar digiri 45, ta hagun ta fi kusa. Fitilar nan mai siffar zobe da 'yan TikTok ke so an yi ta ne don fuska. In ka sa ta zagaye da wayar tana haska ƙasa, hasken zai daki takarda ya dawo cikin idon kyamara, inuwar da ka sha wahalar yi da fensir 6B mai baƙi sosai ta koma sheƙi, ɗanyar tawada kuma ta riƙa walƙiya. Sannan kada a gama farin ƙwan fitila da mai ruwan ɗorawa a wuri ɗaya. Ana rubuta lambar a jikin kwali: 2700K mai ruwan ɗorawa ne, 6500K fari ne mai ɗan shuɗi. Ka zaɓi ɗaya, in ba haka ba rabin takardarka zai yi wani launi, rabi wani.

Wasu kan ga baƙaƙen ratsi na gangarowa a bidiyonsu su ɗauka wayar ce ta lalace. Ba ita ba ce. Wutar lantarkin Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ƙwan fitila mai araha yana ƙyaftawa tare da ita, ido ba ya kamawa amma kyamara na kamawa, musamman da yake yawancin wayoyi hoto 30 ko 60 suke ɗauka a daƙiƙa. In wayarka ta yarda ka mai da shi 25 ko 50. A iPhone sai an kunna tsarin PAL a saitin kyamara kafin 25 ta bayyana; a Android mai sashen ƙwararru ka sa saurin ɗauka a 1/50 ko 1/100. Ni dai na huta da fitilar caji, wadda ba ruwanta da wannan ƙyaftawar in an ƙure haskenta, kuma ko an ɗauke wuta a tsakiyar aiki hoton bai canza ba.

Waya tana son yi maka dabara, a nan kuwa dabararta ɓarna ce. Ta ga farar takarda sai ta rage haske, farin ya koma toka-toka. Hannunka ya shigo ta ƙara, ya fita ta rage, kuma kowane lokaci ta bar takarda ta koma neman gashin bayan hannunka. Kafin ka fara, ka ajiye fensir a kan takardar, ka danna yatsa a kansa a fuskar wayar ka riƙe har alamar kullewa ta fito, sannan ka ɗan ja hasken sama har takarda ta yi fari amma kana iya ganin layi mafi siranta. Ka sa wayar a yanayin jirgin sama, kira ɗaya na iya yanke maka ɗauka.

A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, waya kan yi zafi ta tsayar da bidiyo da kanta. Ina cire mata riga, ba na sa ta a caji tana ɗauka, kuma a ingancin bidiyo 1080 nake amfani da shi, 4K ƙarin zafi ne da cika memori. Ko a hakan awa ɗaya na cin GB 4 zuwa 8 gwargwadon waya. Daga bayan asuba zuwa hantsi ya fi mini. Da hunturu kuwa a goge idon kyamara kafin kowace ɗauka, ƙura ba ta sallama.

Abin da ya fi damuna a bidiyoyin zane da nake gani shi ne gudu. Aikin awa uku a matse shi cikin daƙiƙa talatin, hannu na ta wulƙawa, hoto ya fito, a yi tafi. Yana da kyan kallo, na yarda, amma ba wanda zai koyi komai. Ɗauki dagi. Da ɗige-ɗige nake farawa, a jere, tazararsu ɗaya. Sai in ja dogayen madaukai biyu masu gicciye juna, in kawo mai kusurwa huɗun ya ratsa su. Har nan duk layuka a kan juna suke, ba dagi tukuna. Dagin yana fitowa ne a mahaɗa: a nan zaren ya hau, a ta gaba ya nutse, a ta gaba ya sake hawa, ba a taɓa hawa biyu a jere. A kowace mahaɗa sai na tsaya, na bi zaren da bakin fensir daga inda ya fito, sannan na goge 'yan layuka biyun da ke ƙarƙashi. Wannan tsayawar da bin zaren su ne karatun, su ne kuma abin da gudu ke fara haɗiyewa. Don haka a CapCut, manhajar gyaran bidiyo, nake barin irin waɗannan wurare a yadda hannu ya yi su, in hanzarta cike inuwa da maimaici kawai. Haka na yi da na zana Hasumiyar Gobarau: inda nake auna faɗin gindinta da tsawonta na bar shi a hankali, sassaƙar jikin ginin na bar ta ta gudu.

Kawuna, wanda ya shekara da shekaru yana zana wa masu ɗinkin hannu aska biyu da aska takwas, ya ƙi teburin nawa sam. Ya ce, "Kai ɗan nan, ni ban iya zane ƙafata na reto ba." A tabarma yake aiki, da alƙalamin kara da 'yar kwalbar tawada. Ban ja da shi ba, don in ka canza wa mutum zama ka canza masa hannu. Katakon kafinta na kai zaurensa, aka rage masa ƙafa, na sa masa faffaɗan allo a ƙasa don yadin ya daina motsi a cinya. Da na kalli abin da aka ɗauka na ga wani abu da ban taɓa lura da shi ba duk zamana kusa da shi: kafin ya ja doguwar aska, sai ya bi hanyar da alƙalami a iska sau biyu, bai taɓa yadin ba, sannan ya sauke ya ja ta da numfashi ɗaya. Ƙanwata mai zanen lalle ma ta ari katakon, ita matsalarta hannun amarya da ba ya zama wuri ɗaya, sai da ta sa ƙaramin matashi.

Sauti ba na cire shi. Ƙarar fensir a kan takarda tana gaya wa mai koyo nauyin da aka danna, abin da ido ba ya nunawa. Fanka nake kashewa, bayani kuma daga baya nake ɗora shi, in ɗaki ya yi shiru.

Wajen turawa akwai asara guda. WhatsApp da Facebook suna matse bidiyo, kuma siraran layukan farko su ke fara ɓacewa, mai kallo ya ga hannu na yawo a kan farar takarda ba komai. Wanda ya nemi darasi ina tura masa a matsayin fayil, ba ta hanyar hotuna ba, don ya isa yadda yake. Layin share fage kuwa, da a da nake ja da fensir HB sama-sama, in kyamara na kunne da 2B, wanda ya fi shi baƙi, nake jansa, in ɗan ƙara masa nauyi, daga baya in bi da kilina in rage.