Gwaji a allon kwamfuta kafin shiga ɗakin gwaje-gwaje

A makarantar da nake koyar da kimiyyar fiziks a Garwa ta ƙasar Kamaru, na'urorin auna lantarki ba su da yawa, shi ya sa ba na barin ɗalibi ya taɓa su sai ya fara gwada hannunsa a kwamfuta. Ina amfani da manhajojin PhET masu kwaikwayon gwaje-gwajen kimiyya a allo, waɗanda Carl Wieman, mai lambar yabo ta Nobel, ya assasa a Jami'ar Kolorado ta Amurka a 2002. Kyauta ne, akwai su da Faransanci, kuma idan aka sauke su suna aiki ba tare da intanet ba, abin da ke da muhimmanci a wajenmu.

A darasin haɗa kewayen lantarki, wata ɗaliba ta haɗa bakunan batiri biyu da waya kai tsaye, nan take wuta ta kama a allon, ajin ya kwashe da dariya. Sai na nuna musu dalilin da ya sa ake jera ma'aunin amfiya, wato na'urar auna lantarkin da ke gudana a waya, a layi ɗaya da ƙwan fitila: idan aka haɗa shi da bakunan batiri kai tsaye, zai yi kamar wayar nan. Washegari a ɗakin gwaji babu wanda ya ƙona mini fis.

Sai dai allo ba ya koya wa yatsu ɗaure waya da kyau. Wannan sai a kan tebur, ina tsaye a kansu.