Kallon kitse na yi wa ganyen karas

Shekarar da na fara shuka karas a ɗan filin bayan gida, duk wanda ya leƙo sai ya yaba. Ganye ya yi kore shar, ya kusa kai mini gwiwa, har na fara lissafin waɗanda zan rabawa. Ranar da na tuge na farko, abin da ya fito bai fi ɗan yatsana kauri ba, ga shi ya rabu uku kamar ƙafar kaza, jikinsa duk gashi. Na tuge na biyu, na tuge na goma, duk kanwar ja ce. Ashe wata uku cur kallon kitse nake yi wa rogo.

Na kwashi kaɗan na kai wa wani dattijo da ya tsufa a aikin lambu. Ya jujjuya su a hannu, ko irin da na shuka bai tambaya ba.

“Ɗana, wane taki ka zuba?”

“Kashin kaji, Baba. Sabo fil, kuma ban yi masa rowa ba.”

Ya yi murmushi ya ce, “To ai ganye ka yi wa hidima, ganyen kuma ya biya ka.”

Sai daga baya na fahimci maganar sosai. Karas tsiro ne mai rayuwar shekara biyu. A ta farko yana tara abinci a saiwa, a ta biyu ya kwashe shi ya yi fure da iri. Wato abin da muke tonowa rumbunsa ne, mu kuma muna riga shi fasawa. Idan naitirojin, sinadarin taki mai sa ganye, ya yi yawa a ƙasa, kamar yadda yake a kashin kaji da yuriya, sai tsiron ya shagala da yin ganye, rumbu ya zauna wayam. Ɗanyen taki kuma yana iya lahanta bakin saiwar tun tana ƙarama, ta rarrabu. Haka dankali yake yi: ka cika masa taki, ya mamaye fili da yaɗo, ƙasa kuwa ba labari. Yanzu ba na zuba komai sai takin da ya ruɓe ya koma baƙar ƙasa, kuma na fi son in shuka karas a inda wani amfanin ya riga ya ci takin a zagayen baya. Toka nakan barbaɗa kaɗan saboda sinadarin fotasiyam da ke cikinta, wanda tsiro ke buƙata, kaɗan ɗin nan dai, don tana rage tsamin ƙasa, shi kuwa karas ya fi son mai ɗan tsami-tsami.

Laifina na biyu lalaci ne. Na kafta saman ƙasa da fartanya na ce na gama. Saiwar karas a makonnin farko siririya ce kamar zare, kuma ƙasa take nufa kai tsaye. Sai ta kafa tsawonta sannan ta fara kauri. Duk abin da ta ci karo da shi a wannan tafiya, tsakuwa ce, dunƙulen laka ne, ko guntun icce, nan za ta lanƙwashe ko ta rabu, kuma ba ta sake miƙewa. Baba ya sa na haƙa zurfin santimita 30, na rairaye ƙasar, na gauraya ta da yashi. Tsakuwar da na fitar daga wannan ɗan wuri ta cika bokiti biyu, bayana kuma ya yi kwana uku yana tuna mini. Wanda ƙasarsa laka ce zalla, gara ya tada kunya mai tudu ya huta. Kuma da zarar an gyara, ba a takawa. Dalilin nan ne ya sa ba a yi wa karas dashe: inda zai girma, nan ake shuka shi.

Amma abin da ya fi yi mini wuya ba haƙa ba ne, rage tsiro ne. Irin karas ƙanana ne ƙwarai, duk iya taka-tsantsan ɗinka sai ya zubo da yawa. Yakan ɗauki mako biyu zuwa uku kafin ya tsiro, kana ta yayyafa ruwa safe da yamma don kada saman ƙasa ya bushe ya yi ɓawo. Bayan duk wannan jira, sai a ce ka sa hannu ka cire fiye da rabi. A karon farko ƙi na yi, ina ganin asara ce. Da Baba ya ga kunyar a zagaye na biyu, sai ya tsuguna ya fara cirewa da kansa, ni kuwa kamar naman jikina ake tsinka.

“Baba, ai waɗannan lafiyarsu ƙalau.”

“Lafiyarsu ƙalau, amma ina za su sa jiki? Bar yatsa uku tsakanin kowane biyu. In manya kake so, bar huɗu.”

Santimita 5 zuwa 8 ke nan. Ya kuma ce in jiƙa ƙasa kafin cira, in danne gindin waɗanda suka rage, in kwashe waɗanda na cire in yi nesa da su, don ƙanshinsu yana kiran kwari. Na bar layi ɗaya ban rage ba, saboda taurin kai. Ranar girbi, layin nan ya ba ni tsinke-tsinke masu yawa da suka nannaɗe juna, kuma nauyinsu gaba ɗaya bai kai na layin da ke kusa da shi ba.

Ban ruwa ba shi da dogon bayani. A ba shi ya ratsa ƙasa sosai, a kuma riƙe lokaci. In aka bar shi ya sha ƙishi sannan aka malala masa, sai cikin ya kumbura da sauri, saiwar ta tsage. In kafaɗarsa ta leƙo waje a rufe ta da ƙasa, rana tana mayar da ita kore mai ɗaci. Inuwa kuma ba ta yi masa, yana son rana ta aƙalla awa shida.

Iri ma da nasa. Chantenay gajere ne mai faɗin kafaɗa, yana haƙuri da ƙasa mai nauyi. Imperator dogo ne siriri, sai ƙasa mai zurfi da laushi. Nantes yana tsakani, kuma a bakina ya fi su zaƙi. Ba a tilasta wa gajere tsawo da taki.

Akwai masu yin abin don gasa. A 2016 wani Baturen Ingila, Joe Atherton, ya fitar da karas mai tsawon mita 6.245, irin waɗannan a cikin dogon bututu ake renonsu, kuma yawancin tsawon jela ce siririya. A 2017 Christopher Qualley na jihar Minnesota a Amurka ya tono mai nauyin kilo 10.17, dunƙule mai rassa ta ko'ina, wato irin munin da ya kusa sa ni kuka, shi ne ya kai shi littafin Guinness, kundin bajintar duniya. Ni ma na ɗan taɓa: na bar guda biyar suka wuce lokacinsu da kusan wata biyu. Sun yi girma kam, ɗaya ya kusa kaurin hannuna. Da na yanka, tsakiyarsa ta yi tauri kamar icce. Na kai wa Baba don ya gani, ya ɗan gatsa, ya miƙo mini abina.

“Wannan na hoto ne, ɗana. Ina na ci?”